Gajeren Wandon Malis

Bankok, Yuni 2003

Yaya Rotha,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ruwa ya samu a Battambang kuwa? Ni lafiya lau nake, tsayuwar shago ce kawai take ɗan taɓa min baya, kada Inna ta ji.

Yanzu na ƙware. Mace na shigowa, kallo ɗaya nake mata in san gajeren wandon da zai karɓe ta. Gajeruwa in ba ta mai hawa sama da cibiya, sai ƙafarta ta ƙara tsawo. Mai faɗin ƙugu kuwa wanda ba ya kama cinya. Uwar ɗakina har cewa take, "Chanthou, ke kam idonki ya fi tef ɗin tela."

Shekaranjiya na ce bari in zaɓa wa Malis. Na ɗauko ɗaya, uwar ɗakina ta kwashe da dariya: "Wannan ai na 'yar shekara shida ne! Ba kin ce 'yarki ta kai sha huɗu ba?" Na tsaya riƙe da shi. Yaya, ban san ko doguwa ce ba, ban san ko ƙugunki ta ɗauko ba. Tun ranar, duk yarinyar da ta shigo sai in bi ta da kallo. Wata har na kira ta Malis, ta juyo ta ce, "Anti, lafiya?"

Ina roƙonki, ki auna ƙugunta da zare, ki yanke, ki sako min a ambulan. Kada ki gaya mata dalili.

Ladan riƙonta ya bi ki.

Ƙanwarki,
Chanthou