Hantar Layyar Hadiza

Lahadi, 4 ga Zulhajji, 1345

Kwana sha tara da rasuwar Rahamatu. 'Yarmu Hadiza, wata goma, ta ƙi kunu, ta ƙi madara. Wuya ya zama kamar na ɗan tsako. Burin uwarta ta ga ranar da yarinyar za ta ɗanɗana hantar layya. To wallahi sai ta ci, in ba haka ba ni ba Maliki mahauci ba ne.

Litinin, 5

Inno, mahaifiyarmu, da ta zo daga Kano zaman makoki, ta yi mata ɗura. Ta danne ta a cinya, ta toshe hanci, ta kwarara kunu da tafin hannu. Yarinya ta shaƙe, ido ya juye. Na fizge ƙwaryar na maka ta da bango. Ƙanena Babandi ya shigo, wai "Yaya, tsaya ka ji." Na cika masa baki da naushi, ya rama da muciya. Haƙorinsa a ƙasa, goshina a fashe. Inno tana kuka, wai da ɗura ta raine mu duka. Ai ga mu nan kuwa.

Laraba, 7

Wata Bayarabiya mai sayar da agidi, kafaffen kamun nan na ganye, daga unguwar Mokola ta tsaya ƙofar gida tana "Adija, Adija," wai a miƙo mata yarinya. Ji tsaurin ido! An ware mu baƙi an zube a unguwar Sabo, sannan a biyo ni har gida a koya mini raino? Na sa ƙafa na yi fatali da kwandonta, agidi ya watse cikin taɓo. Ta durƙusa tana tsincewa, ko zagina ba ta yi ba. Da ma ta zage ni.

Juma'a, 9

Ruwa kawai take sha. Kukan ma ya daina fita. Ina jin tsoro.

Asabar, 10, ranar Sallah

Muna saukowa daga idi na buga rago da ƙasa, na ja wuƙa har ta ci ƙasa. Na gasa hanta, na zare jijiya, na kirɓa a turmi, na tace da romo a tsumma mai tsabta. Ba gishiri, ba yaji. Na kai cokali, ta kau da kai. Na matse mata muƙamuƙi, ta tofar a rigar Sallata.

Na ɗaga hannu. Ni, a kan jaririya. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ƙarfin tsoratar ma babu. A bakin turmi hannun ya sauka. Da ƙyar nake riƙe alƙalamin nan.

Babandi daga bakin ƙofa, bai yarda ya matso ba: "Kai da kake wuni a mayanka, me ka sani? Tun tana wata shida marigayiya ke goya ta zuwa wurin mai agidin nan. Da yatsa ake ba ta, ba ta san cokali ba. Shi na zo gaya maka ran Litinin, ka cire mini haƙori."

Lahadi, 11

Na je Mokola, Hadiza a kafaɗa, cinyar rago a hannu, romon hanta a ƙoƙo. Ba haƙuri na je bayarwa ba, rabon layya ne. Kwandon nan mai agidin ta ɗaure shi da igiya, na yi kamar ban gani ba.

Ta dubi goshina, ta dubi hannuna, ta karɓi yarinya. Ta murje agidi a romon, ta lakato. Hadiza ta cafke yatsan har da gurnani. Loma bakwai.

Sai ta turo mini ƙoƙon: "Baba Adija, kai ma."

Yatsan da ya kumbura na sa. Hadiza ta datse shi da haƙoranta biyu, zafi har ƙwaƙwalwa. Ban janye ba.