Rigar sanyin Baba

Laraba, bayan Isha'i

Yau na so ƙasa ta tsage in shige.

Suwaitar nan ruwan toka da na tsinta a ƙasan akwatin Abban Sadiq, na ɗauka tsohuwarshi ce da ya daina sawa. Ban tambaye shi ba. Na sa mata almakashi shekaranjiya, na fitar wa Sadiq riga daga jikin, hannuwan kuma na yi mashi wando. Har ina jin daɗi yadda keke bai ci bakin ɗinkin ba.

Da la'asar na sa mashi, muka tafi Ƙofar Marusa gaida Hajiya, mahaifiyar Abban Sadiq. Muna cikin gaisuwa idonta ya kai kan rigar. Ta jawo yaron, ta juya wuyan rigar, ta ɗora yatsa kan wani ɗan faci na baƙin zare. Ita ta yi shi da hannunta. Ashe ta marigayi Baba ce, wadda yake fita sallar Asuba da ita. Bayan rasuwa ta ba ɗanta ya adana, ni kuma surukar kirki na yanka.

Na fara "Hajiya, don Allah..."

Ba ta ko dube ni ba. Ta sa hanci a kafaɗar Sadiq, ta daɗe a haka. Sannan ta ce mashi, "Maigidan, har rigar ma ka gaje?" Tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Abban Sadiq bai sani ba tukuna. Ga ragowar ƙyallen nan a ƙarƙashin keke, na kasa sharewa.