Na Sauya Maganaɗisun Jitata

Takur, daren Laraba, cikin Sha'aban

Yau dai na sauya maganaɗisun jitata, wanda ke ɗauko sautin tsirkiyoyi. Shekara da shekaru ƙananan tsirkiyoyin suna tsala ihu suna danne manyan, har Sabo, abokin kiɗana, yakan ce kamar ɗan akuya ake yankawa. Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar arba'in matarsa ta aiko mini da tsohuwar jitarsa, wuyanta a karye. Tasa kuwa sautinta sanyi gare shi, ba tsirkiyar da ke hawa kan wata. Na kwance abin ɗaukar sautin, na zaro maganaɗisunsa na dasa a tawa.

Sai da na gama ɗaure tsirkiya na tuna ba ni da inda zan jona ta. Tun da aka hana kiɗa a gidajen biki Baba ya ce, "Ɗanladi, amfilifayar nan taka zaman banza take yi, ga ta masallaci ta ƙone." Me zan ce? Na ce, "To, Baba." Ni da kaina na kai.

Jitar lantarki kuwa in ba amfilifaya, maganaɗisu ba shi da ta cewa. Na kaɗa, na manna kunne a jikinta, ban ji bambancin komai ba.

Da za a kira isha'i na jiyo daga masallaci ɗan gurnanin nan da amfilifayata take yi kafin ta ɗauki murya. Nan take na gane ta. Wallahi ban ji haushi ba, muryar ladan ta fita tas. Na yi alwala na tafi.

Sabo, na saka naka. Ko jitar ta daidaita, ban sani ba.