Fallen da Ke Cikin Bango

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma shan maganin kike yi, ba ajiye shi a kan taga ba.

Wannan ba maganar waya ba ce. A gidan adana tsofaffin takardu inda nake ɗinkin littattafai, an ba ni kundin shari'o'in tsohon sarki in sake masa bango, don wata mai zuwa za a baje shi cikin gilashi jama'a su gani. Kaka ne ya rubuta shi lokacin yana magatakarda. A ciki shari'ar masaƙi take, wadda kika shekara talatin kina koya wa 'yan aji huɗu, har kika sa ta a littafin karatunki: ɗan sarki ya rushe katangar masaƙi don ya faɗaɗa tsakar gidansa, sarki ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, ya sa ɗansa ya mayar da katangar da hannunsa.

Kin san masu ɗinkin da, da tarkacen takardu suke cika bango don ya yi kauri. Da na ɓare wannan, sai ga wani falle a ciki. Hannun Kaka ne, rana ɗaya, shari'a ɗaya. Shi wannan fallen cewa ya yi masaƙi ya ɗaga murya a gaban sarki, an yi masa bulala arba'in, an kore shi daga gari, gidansa ya koma hannun ɗan sarki. Na duba fallen da ke cikin kundin, na ga zarensa daban da na sauran. Daga baya aka ɗinka shi.

Ba wanda ya gani sai ni. Yana cikin durowata. Yaya zan yi da shi?

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa na nan, magani kuma ba ruwanka.

Kai dai tun kana ƙarami ba a ba ka abu ka bar shi yadda yake. Rediyon Baba da ka kwance bai sake magana ba har Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bango aka ce ka sake, wa ya aike ka karatu?

Kuskure ne Kaka ya yi, ya jefar, ya rubuta daidai. Magatakarda ba ya kuskure? Ka mayar da shi inda ka same shi, ka shafa gam.

In ma ba kuskure ba ne, wa zai amfana? Sarkin ya mutu, ɗansa ya mutu, masaƙin ma haka. Labarin ne kawai ke da rai, kuma yana aiki. Bara wata ɗalibata, alƙaliya ce yanzu, ta tare ni a bakin asibiti ta ce, "Malama, wallahi duk ranar da wani babba ya tsaya a gabana, katangar nan nake tunawa." Ita za ka je ka ce wa ba a mayar da katanga ba? Sai Kaka ya zama maƙaryaci, ni kuma malamar da ta shekara talatin tana raba ƙarya a aji. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafin takardarka.

Ka gaida maiɗakinka.

Yayarka

*

Yaya,

Ina sake gaisuwa, tare da ba da haƙuri.

Ni ma na so ya zama kuskure, shi ya sa na koma kan bangon. Takardu goma sha ɗaya ne a ciki. Goma duk an lafta musu gam, kuma kowacce Kaka ya ja mata layi daga kusurwa zuwa kusurwa, yadda yake yi wa duk abin da ya ɓata. Wannan ɗaya ba layi, ba gam. An naɗe ta cikin farar takarda, an sa ta a tsakiya inda danshi ba ya kaiwa. A lokacin da takarda ke wuya, ba wanda zai ɓata fara sabuwa a kan shara. Ba jefar da ita ya yi ba, Yaya, ajiye ta ya yi.

Ina ganin an ce masa ya sake rubutawa, ya sake. An ce ya kawar da ta farko, ya kawar da ita zuwa wurin da ba mai buɗewa sai mai ɗinki.

Jiya shugabanmu ya leƙo ya ce, "Alhamis dai za ka miƙa kundin, ko? Manya za su zo, kada a ji kunya." Na ce Alhamis. In na mayar da fallen, sai bayan wasu shekaru tamanin wani zai ci karo da shi, mu mun mutu mun huta. Abin da ya hana ni shafa gam ɗin, wataƙila shi ma Kaka tunanin da ya yi ke nan.

Ban ƙaryata alƙaliyarki ba. Amma ko ita, ina jin ba ta yanke hukunci sai ta ji ɓangare biyu.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau muke. Kwana uku takardarka na kan tebur ban amsa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, don ban ɗauke shi komai ba. Ina aji huɗu aka koya mana labarin, na dawo da gudu na karanta wa Kaka. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana fiƙe alƙalami. Da na gama ya ce, "An rubuta shi da kyau." Ya tashi ya fita, bai ko ɗauki takalmi ba. Shekara sittin ina ɗauka yabo ne.

Masu buga littafin sun aiko in sa hannu a sake buga shi. Ban sa ba. Ba zan ce ka mayar da fallen ba, ba zan kuma ce ka fito da shi ba, a hannunka Kaka ya bar shi. Abu ɗaya nake so. Na koya wa yara sunan sarki da na ɗansa, har da na liman da ya yi shaida, amma ban taɓa tambayar sunan masaƙin ba. Duba mini.

Allah ya yi maka jagora.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice.

Na miƙa kundin yau. Na ɗinka fallayen biyu suna fuskantar juna, da zare ɗaya. Shugaba ya karanta su a tsaye, ya ce, "To, a wane shafi za mu buɗe wa manya?" Na ce ni ɗinki aka ba ni. Ya rufe kundin ya shige da shi ofis, har na tashi daga aiki bai fito ba.

Sunan da kika tambaya na duba. Babu shi a ko ɗaya.

Ƙanenki,
Auta