Tulin Takin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Tunda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, tulin takinsa da ke bayan gidanmu ya dawo wuyana. Ni da nake wanke hannu sau ashirin a asibitin da nake aiki! Bakinsa ya karkace, amma kullum sai ya tattaro ƙarfi ya ce, "Kin juya?" In ce eh. Ƙarya nake, Allah ya yafe mini. Daga nesa nake watsa ɓawo in gudu.

Alhamis, 6 ga Maris
Wari har falo, ga ƙudaje. Yaya ya ce in bai daina ba nan da mako biyu, zai kira masu kwasar shara. Baba ya ji. Ya juya wa kowa baya, ya ƙi cin abinci.

Asabar, 8 ga Maris
Tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, hanci a toshe. "Ke 'yar nan, kin shaƙe shi da ɗanye! Kwano ɗaya na ɓawo, biyu na busasshen ganye, sannan ki juya ya sha iska." Na share ganyen tsakar gida kaf, na ɗauki shebur. Sau biyu ina yunƙurin amai.

Asabar, 15 ga Maris
Ikon Allah! Da safe na soka shebur, sai ga tururi. Na sa safar hannu na taɓa ciki: zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Ba wuta, ba rana. Wa ya hura? Na daɗe a tsugune ina kallo.

Asabar, 22 ga Maris
Yaya ya zagaya, ya shinshina, bai kira masu kwasar shara ba. Baba ya ci rabin kwano.

Litinin, 12 ga Mayu
Ƙasan tulin ya zama baƙar ƙasa mai laushi, ƙamshinta irin na ruwan farko. Ɓawon ƙwai, ruɓaɓɓen tumatir, duk babu su. Wallahi sai da na ji tsoron Allah. Na ɗebo a kwano na kai wa Baba. Ya nutsa lafiyayyen hannunsa a ciki, ya murza, ya kai hanci, hawaye na bin kumatunsa. Ya ce, "Ya nuna."

Laraba, 14 ga Mayu
An kama ni a wurin aiki ina tsince ɓawon ayabar mutane ina zubawa a jakata. Na ce saboda Baba ne. Haka dai na ce musu.