Alewar da Na Ba Tetsu

Chizuru,

Kina barci, ban tashe ki ba. Na tafi da Tetsu wajen likitan dabbobi.

Da safe na sauke alewar waken da na ajiye gaban hoton babanki. Karen nan ya lallaɓo ya zauna inda marigayi ke gutsura masa yana cewa, "Ci, tsoho, kada uwargida ta gani." Ido ya mutu, hanci bai manta ba. Na san likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon sukari, amma na ba shi duka. Yanzu amai yake ta yi, ya kasa tsayuwa.

Ki yafe mini, 'yata. Shi kaɗai babanki ya bar mini amana.

In kin hango ni na dawo ni kaɗai, ki ɗauke kwanonsa kafin in shigo.

Mama