Tazarar Yatsa Uku

Kaduna, 2 ga Oktoba, 1974

Zuwa ga Yaya Tabita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki. Na ji kin ɗauko Baba daga Tungan Magajiya saboda ciwon ƙafarsa. Allah ya ƙara sauƙi.

Alfarma nake nema. Ga kyamara nan na ba Ladan direba ya kawo miki, da fim a ciki mai ɗaukar hoto goma sha biyu. Shekara biyar rabona da Baba, tun ranar da na bar masa gona ana tsakar noma na taho koyon hoto, ya danna wa ɗakina kwaɗo ya ce ya jefa makullin a rijiya. Fuskarsa ta fara ɓace mini, Yaya, kuma abin yana ba ni tsoro. Tunda ya hana ni taka gida, ki ɗauko mini ita.

Kyamarar ido biyu gare ta, sama da ƙasa, ta bisa ake leƙawa. Ki ɗaura ƙananan gilasan da na haɗo, na ɗauka daga kusa, a kan idanun, ki ɗora kyamarar a kan turmi, ki matsa kusa da shi kamar kamu ɗaya. Ki murɗa abin saiti da ke gefe har sai kin iya ƙirga gashin girarsa.

Ƙanenki,
Irmiya

Kontagora, 19 ga Oktoba, 1974

Irmiya sarkin gudu,

Muna gaishe ka. Ƙafar Baba da sauƙi, bakinsa kuwa yana nan yadda ka san shi.

Wannan akwatin naka ya wahalar da ni. In na karkata dama, mutum ya gudu hagu. Uku na ɓata a kan zakaran maƙwabta, biyu a kan maigidana, wanda ya kumbura kamar za a naɗa shi hakimi.

Baba ya tambayi mai kyamarar. Ban iya ƙarya ba, na faɗa masa. Ya ce shi bai san wani Irmiya ba sai na cikin Littafi Mai Tsarki. Kwana huɗu ina lallashi kafin ya zauna a gindin mangwaro, shi ma don na ce kyamarar ta aikin makaranta ce yanzu. Ga zafi, yana ta jan wuyan riga yana fifita, ni kuma kaina a sunkuye cikin akwati ina neman gira. Na ɗauki bakwai, bai yi murmushi ko ɗaya ba.

Kada ka sa rai da Kirsimetin bana, ƙanena. Na so in rubuto maka wani labarin da ba wannan ba. Ga fim, ka ci abinci sosai.

Yayarka,
Tabita

Kaduna, 3 ga Nuwamba, 1974

Yaya,

Ina gaisuwa. Na wanke fim. Zakara ya fito tsaf, Baba kuwa kin fille masa goshi a duka bakwai ɗin. Laifina ne. Na manta in gaya miki idon sama na kallo ne, na ƙasa ke ɗauka. Daga nesa ba komai, amma in aka matsa kusa sai an ɗaga kyamarar kamar yatsa uku, in ba haka ba sama ta yanke, abin da ke ƙasa ya shigo.

To, dubi ƙasan hoton da na haɗo da shi. Akwai igiya a wuyan Baba, kuma da ya ja rigar abin da ke rataye ya leƙo. Makullina ne. Na san shi, don ni na lanƙwasa masa kai garin buɗe gwangwanin madara. Ashe bai je rijiya ba.

Na zauna a ɗakin wankin hoto na yi kuka har maigidana ya buga ƙofa. Ki nuna masa ko ki ɓoye, na bar miki. Ni dai tsoron tambaya nake yi.

Naki,
Irmiya

Kontagora, 16 ga Nuwamba, 1974

Irmiya,

Gaisuwa a taƙaice, Ladan na jira. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, hannunsa dafe da ƙirji, sannan ya ce in ɗauko alƙalami. Ga maganarsa, ban ƙara ban rage ba:

"Ki ce masa 'yar'uwarsa ba ta iya aikin ba, ta mai da ni ba kai. In shi gwani ne ya zo ya ɗauka da kansa. Ya kuma karɓi wannan ƙarfen, ya ishe ni ƙaiƙayi a wuya. Ɗakin ma yana bukatar shara."

Motar Ladan na tashi daga Kaduna ran Juma'a. Ka taho da fim.

Yayarka,
Tabita